Tattabarun Mai Gyaran Sikeli

Shekara talatin da huɗu ke nan Baba Kilo yana gyaran sikeli a shago ɗaya, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, a layin da ke bayan kasuwa. In ya miƙe hannuwansa biyu sai ya taɓa bangon nan da na can. A ciki akwai teburi, da kujera mai ƙafa uku wadda bulo ya tsaya mata a madadin ta huɗu, da akwatin katako da ya jera duwatsun awo a ciki, tun daga na giram ɗaya har na kilo biyar, kowanne a raminsa. Sunan Kilo kuwa mahauta ne suka laƙaba masa, saboda duk abin da aka miƙa masa, ko kofin shayi ne, sai ya ɗan jinjina shi a tafin hannu ya faɗi nauyinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Da can layi ake yi a ƙofarsa. Tun da sikeli mai batir ya shigo, wanda in ya lalace jefar da shi ake yi a ɗauko wani, aiki ya ja baya. Yanzu in ya gyara uku a yini ya yi kasuwa. Yana da shekara sittin da ɗaya. 'Ya'yansa uku duk sun yi gidajensu, saura shi da matarsa, wadda ta bar koyarwa shekara biyu da suka wuce amma har yau kowa Malama yake ce mata, har shi. Suna haya a hawa na uku na wani bene mai gida shida.

Tattabara ba ta taɓa shiga lissafin rayuwarsa ba sai ranar da Mai Burodi ya kira shi ya duba babban sikelin da ake auna fulawa. Sun daɗe da sanin juna, irin sanin da ya kai a zagi juna a yi dariya. Ya gama aiki yana wanke hannu a bayan gidan burodin, sai wani abu ya faɗo daga sama kamar an jefo dutse, ya sauka a kan wani katako, ya tura wasu wayoyi da ƙirji ya shige wani ɗan ɗaki.

"Ka ga wannan tattabarar?" in ji Mai Burodi. "Yau da safe surukina direba ya sake ta a nisan kilomita ɗari da tamanin. Shi bai ma dawo ba tukuna."

Baba Kilo ya ce a ba shi ita ya riƙe. Ya jinjina ta, ya ce, "Giram ɗari huɗu da talatin." Zuciyarta na bugawa a yatsunsa. Har ya koma shago yana juya maganar: abin da bai kai rabin kilo ba, ba taswira, ba mai nuna masa hanya, ya san inda gidansa yake.

Saman benen da suke haya shimfiɗar siminti ce. Akwai tankin ruwa guda biyu a gefen gabas, da igiyoyin shanya biyar da suka ratsa tsakiya. Uku daga ciki kusan kullum a cike suke da fararen zannuwan gado, domin Maman 'Yan Biyu da ke hawa na ɗaya wanki take yi wa wani ƙaramin asibiti, kuma da shi take riƙe gidanta tun da mijinta ya rasu. Baba Kilo ya nemi izinin kiwon tattabaru a can wajen Wakili, mutumin da ke kula da ginin a madadin mai shi. Wakili ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai ba ƙorafi, ba ruwansa. Cikin sati uku ya haɗa ɗaki da katakon akwatunan kaya da ragar waya a kusurwar yamma. Ya yi masa katakon sauka a gaba, da ƙofar wayoyi masu lilo waɗanda ke buɗewa ciki kawai, yadda ya gani a gidan burodi. Malama ta hau sau ɗaya ta duba, ta ce ya fi kicin ɗinta tsari, ta sauka.

Farkon abin da ya yi kuskure ne. Ya zaɓi manya biyu daga cikin tattabarun Mai Burodi, mace da namiji, masu cikar ƙirji. Ya rufe su sati shida yana ba su abinci a hannu. Ranar da ya buɗe musu suka yi kewaye ɗaya, suka miƙe kudu. Ya jira har azahar, sannan ya sa takalmi ya tafi gidan burodi.

"Kilo, wani abu kake nema?"

"Ka san abin da nake nema."

"Suna ciki tun ƙarfe tara. Namijin har ya kori wanda na sa a gurbinsa." Mai Burodi ya goge hannu a jikin rigarsa. "Na faɗa maka babba ba ya sake gida, ko shekara ka rufe shi. Ka ce kai masu nauyi kake so, kamar mai zaɓen rago. 'Yan shila za ka ɗauka, waɗanda ba su taɓa ganin sama ba."

Haka ya dawo da 'yan shila shida a kwali, 'yan sati huɗu, har yanzu da ragowar gashi rawaya a wuya, suna tsuwwa kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ya ɗora musu kejin waya a kan katakon sauka, suka yi kwana goma sha biyu suna kallon tankuna da igiyoyi da rufin maƙwabta har suka haddace. Da ya cire kejin ba wanda ya gudu. Suka fara da tsalle daga katako zuwa rufin ɗaki, sannan kewayen bene, sannan kewayen unguwa. Biyar bai sa musu suna ba. Na shidan, wani namiji mai ruwan toka da baƙin layi biyu a fiffike, ya fi sauran faɗin ƙirji, kuma in ya sauka sai ya zaɓi wuri mafi tsawo ya tsaya yana kallon kowa ta ƙasan ido. Malama ce ta ce masa Gwamna, sunan ya zauna. Mai Burodi da ya zo ya gan shi ya buɗe fiffikensa ya duba, ya ce wannan in an horar da shi zai yi kilomita ɗari uku. Daga ranar Baba Kilo ya fara tambayar direbobi garuruwan da suke zuwa.

Yana sakin su ne da yamma, wajen ƙarfe biyar, in ya rufe shago. Sai su yi kewaye biyu ko uku, su ɓace ta bayan wani dogon gini, su yi kamar minti ashirin, su dawo. Wannan ɓacewar tana yi masa daɗi. Yakan gaya wa Malama cewa sun fara nisa, suna koyon gari. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne in sun dawo ba sa shiga ɗaki. Sai su baje a kan tanki da igiyoyin shanya suna gyaran gashi. Ya kaɗa gwangwanin hatsi har hannunsa ya gaji, ya yi fito, ya yi musu magana kamar mutane. Ba sa shiga sai rana ta kusa faɗuwa.

Wata ranar Talata Maman 'Yan Biyu ta tare shi a matakala da zani a hannu.

"Baba, ina wuni. Zo ka ga aikin 'ya'yanka."

Ta ware zanin. Tabo uku ne, kore-kore, a tsakiyar farin.

"Na biyar ke nan a satin nan. Asibiti ne, Baba, ba gidan kaji ba. Matar da ke karɓar wankin har ɗaga shi take a rana ta duba. Ta ce in ta ƙara gani za ta ba wata."

"Ki yi haƙuri, 'yata. Kawo in wanke."

"Kai za ka wanke? Ka bar shi kawai. Ni dai na je wajen Wakili, ban ɓoye maka ba."

Wakili mutum ne marar dogon zance. Ya hau ya dubi tanki, wanda murfinsa ya yi fari da kashi, ya dubi igiyoyi. Ya ce, "Baba, ni tsuntsu ban so shi ba ban ƙi shi ba. Kwana goma sha huɗu. Ran na sha huɗu zan hau ka sake su a gabana. In suka dawo na ga ko ɗaya a kan igiya ko tanki, ɗakin nan zai sauka."

Mai Burodi da ya ji labari bai yi mamaki ba. "Ƙoshi ne. Tattabara ba don tana son ka take shiga ɗaki ba, Kilo, don cikinta take shiga. Ka sake su da yunwa. Abinci sau ɗaya, a ciki, bayan sun dawo. Giram talatin kowacce. Ai awo sana'arka ce."

Ya ɗauko ƙaramin sikelinsa na tagulla daga shago, wanda ya fi yarda da shi, ya kai saman bene. Giram ɗari da tamanin na masara da alkama da dawa, ba ƙari ko ƙwaya. Ya kwashe kwanon abinci tun safe. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ba abin da ya canja. Suna fita, su ɓace, su dawo, su baje a kan igiya. Ya rage zuwa ashirin da biyar. A rana ta biyar Gwamna ya tsaya a kan tanki yana kallonsa yana kaɗa gwangwani, ya juya masa baya.

Ya sauko ya sami Malama tana guga.

"Malama, kina hawa sama in na tafi shago?"

"In yi me?"

"Na ce ko kina ɗan watsa musu wani abu. Don tausayi."

Ta ajiye dutsen guga. "Malam, gwiwar nan da ƙyar take kai ni hawa na uku. Kana ganin zan ƙara mata wani hawan don in ciyar da Gwamna? Shekara talatin ina hana yara cin abinci a aji, tsuntsu ne zai karya ni?"

Ya yarda da ita, domin ba ta iya ƙarya ba, in ta yi ma kunnenta ke motsi. Amma lissafin bai fita ba, kuma shi mutum ne da lissafin da bai fita ba ke hana shi sukuni. In mai shago ya kawo sikeli ya ce yana cin awo, ba ya musu da shi, dutse yake ɗorawa ya gani. Sai ya nemi tsohuwar safa, ya yanke bakinta. Washegari kafin ya sake su ya zura kowacce a safar, kai a waje, ya ɗora a faranti, ya rubuta nauyin da alli a jikin ƙofa. Da suka shiga dab da faɗuwar rana, kafin ya ba su komai, ya sake aunawa.

Ta farko ta ƙaru da giram ashirin da biyu. Ta biyu da sha tara. Gwamna ya fita yana ɗari huɗu da goma, ya dawo yana ɗari huɗu da talatin da takwas. Baba Kilo ya shafa ƙirjinsa, ya ji ƙwayoyin hatsi suna motsi a ƙarƙashin fata kamar a ƙaramin buhu. Ya daɗe a tsugune da tsuntsun a hannu. Abin da ya yi tafiya raguwa yake yi. Waɗannan ba koyon gari suke zuwa ba.

Rana ta bakwai ya sake su, bai tsaya kallon sama ba. Ya sauka matakala da saurin da shekarunsa suka yarda, ya bi layi, ya kewaya dogon ginin nan. A bayansa akwai injin niƙa, wanda yake jin ƙararsa shekara da shekaru bai taɓa leƙawa ba. Farfajiyarsa siminti ce, kuma a wannan lokaci na yini ta yi fari da dusa da tsakin masara da abin da ya zube daga bakin buhuna. Ga tattabarunsa shida a tsakiyar kajin unguwa, kai a ƙasa. Tsakanin wurin da benensa bai kai tafiyar minti huɗu ba.

Mai injin ya leƙo, gari har a girarsa. "Baba, naka ne? Ai kullum ƙarfe biyar suna nan, har mun saba. Wancan mai tokar ko zakara ba ya ɗaga wa ƙafa."

"Yaushe kuke shara?"

"In mun tashi. Wata mai kiwo ce ke zuwa ta kwashe tas, ko tsinke ba ta bari."

"Yaushe kuke buɗewa?"

"Takwas."

Ya yi godiya ya juyo. A hanya ya tuna yadda yake gaya wa Malama cewa sun fara nisa, ya yanke shawarar ba lallai ne ta ji wannan ɓangaren ba. Ta ji, domin mai injin ƙanin wata ƙawarta ne.

Saura kwana bakwai. Ya mayar da sakin safe, da zarar gari ya yi haske sosai. Ya je ya sami Maman 'Yan Biyu ya tambaye ta lokacin da take shanya. Ta ce bakwai da rabi. Ya ce kafin nan tattabarun sun shige ɗaki, sama tata ce. Ta dube shi kamar mai son ta ce wani abu, ta ce Allah ya sa.

Safiyar farko suka fita, suka nufi bayan dogon gini kamar kullum, suka tarar da siminti a share. Minti biyar sai ga su. Ya kaɗa gwangwani. Suka yi jim a kan rufin ɗaki, sannan wata 'yar ja ta sauko kan katako, ta tura wayoyi ta shige. Da sauran suka ji ƙarar baki a kwano, uku suka bi ta. Ta biyar ta shiga bayan kwatan awa. A safiya ta uku biyar ɗin ba su ma je injin ba. Suka yi sama sosai, suka yi ta kewaye kusan rabin awa, wanda shi ne karo na farko da suka yi tashi na gaske, kuma da ya kaɗa gwangwani suka zubo a jere suka shige kafin ya ƙirga arba'in.

Gwamna bai shiga ba. Safiyar farko yunwa ta kai shi ciki wajen ƙarfe tara. Daga ta biyu ya gano abin da sauran ba su gano ba. Sai ya yi tashinsa tare da su, ya dawo ya hau tanki ya zauna. Gwangwani bai dame shi ba. Ƙarfe takwas, da injin niƙa ya yi tari ya kama, sai ya buɗe fiffike ya tafi. In ya ƙoshi ya dawo kan igiya ta tsakiya, tsakanin zannuwa. Baba Kilo ya hana shi fita kwana biyu, ya ba shi rabin awo, ya sake shi a rana ta sha uku. Ya hau tanki ya jira takwas.

"Wannan ya fi ka wayo," in ji Mai Burodi. "Kar ka sake shi gobe. Ka nuna wa Wakili biyar."

"Ya san shida ne."

"Ka ce ɗaya ba shi da lafiya."

Baba Kilo ya girgiza kai. Shekara talatin da huɗu mutane na roƙonsa ya ɗan karkata musu allurar sikeli, bai taɓa yi ba, kuma bai ga yadda zai fara a kan tsuntsu ba.

Ran na sha huɗu Wakili ya hau da ƙarfe shida da rabi, da makullai a hannu. Maman 'Yan Biyu ta biyo shi da bahon wanki a ka, ta sauke a bakin matakala. Malama ma ta hau, tana hutawa a kowane mataki na biyar. Baba Kilo ya buɗe ƙofa, shida suka fita. Wakili ya tambayi ko ba sa karo da wayar lantarki, aka ce masa ba sa yi. Bayan minti ashirin da biyar Baba Kilo ya ɗaga gwangwani ya kaɗa. Biyar suka karyo, suka sauka a katako, wayoyi suka yi ƙara sau biyar. Gwamna ya yi kewaye ɗaya shi kaɗai, ya sauka a kan tanki, ya fara gyaran gashi.

Baba Kilo ya ci gaba da kaɗawa. Minti ɗaya, biyu. Sannan ya ajiye gwangwanin a ƙasa.

"Na ce ko ɗaya, Baba," in ji Wakili.

"Haka ka ce."

Maman 'Yan Biyu ta gyara ɗaurin zaninta. "Wakili, in faɗi gaskiya, biyar ɗin nan kwana shida ke nan ba su taɓa mini komai ba. Ina kallo. Wancan mai kama da kansila ne kawai."

"To ni me zan ce wa mai gida? Tankin ruwan mutane ne."

Malama ta dubi mijinta. Ta san direbobi nawa ya yi wa magana a kan tsuntsun nan.

"Ba zai ƙara fita ba," in ji Baba Kilo.

"Yau, ko har abada?"

"In ya shiga yau, ya shiga ke nan."

Wakili ya juya makullansa, ya dubi Maman 'Yan Biyu. Ta ce ita in haka ne ba ta da magana. Ya ce to, murfin tanki kuma a wanke shi kafin azahar, ya sauka. Ita kuma ta ɗauki bahonta, ta tsallake igiyar tsakiya ta fara shanya a ta ƙarshe, tana cewa yau ɗaya dai za ta bar wa Gwamna kujerarsa.

Ɗakin yana nan har yanzu a kusurwar yamma. Baba Kilo ya raba shi biyu da ragar waya, ya ƙara wa ɓangaren baya wani ɗan fili mai rufi inda rana ke shiga. Biyar ɗin suna fita kowace safiya, kuma a watan jiya 'yar jan ta dawo daga kilomita arba'in, ta riga direban da ya kai ta. Gwamna yana baya da macen da Mai Burodi ya kawo masa, sun fara jan tsinke suna gyara wurin ƙwai. Yana cin giram talatin ɗinsa. Ƙarfe takwas in injin niƙa ya kama yakan zo jikin waya ya tsaya, ya daɗe a wurin. Lokacin Baba Kilo ya riga ya sauka, yana hanyar buɗe shago.